Kuben bindiga mai daɗin ɗauka ba mai laushi ba ne

Tambaya: Baba, ni ɗan sanda ne a nan Maraɗi. Wata uku ke nan da aka maida ni aikin farin kaya, kuma aikin ya ce in riƙa yawo da bindigar hannun da aka ba ni ba tare da kowa ya gani ba. Na sayi wani kube na yadi a kasuwa, amma kafin azahar kwankwasona ya yi tsami, zufa ta jiƙa shi, in na hau babur kuma sai ya riƙa sukata. Har na fara cire bindigar ina jefa ta aljihun riga. Wani abokina ya ce in sa baduku ya ɗinka mini na fatar jar akuya, tunda ta fi kowace fata laushi. Wane irin kube ne ya fi daɗin ɗauka?

Amsa: Ɗana, kafin mu taɓa maganar daɗi, akwai abin da nake so ka bari tun yau, ba gobe ba: kada ka sake jefa bindiga tsirara a aljihu. Aljihu wuri ne na makulli, da alƙalami, da canjin kuɗi, da carbi. Kowane ɗaya daga cikinsu zai iya shiga cikin zoben nan da ya kewaye kunama, wato abin da ake ja bindiga ta tashi, ya danna ta. Yadin rigar kansa, in ya naɗe, yana iya yin wannan aikin. Bindigogin zamani da yawa, irin su Glock, ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa, abin da ke tsakaninka da tashin harsashi shi ne kawai kada a ja kunama. Saboda haka aikin kube na farko, wanda ya riga kowane aiki, shi ne ya rufe kunama ruf da abu mai tauri ta kowane gefe. Kuben da bai yi wannan ba, ko da ya kai auduga taushi, ba kube ba ne.

Na yi shekaru masu yawa ina ɗauke da bindiga ƙarƙashin riga kafin in yi ritaya, kuma a gidan dukawa aka haife ni, na san warin majema tun ban shiga makaranta ba. Don haka zan gaya maka abin da za ka ji kamar an juya magana baibai: ciwon da kake ji laushin kubenka ne ya kawo shi. Kube mai laushi ba ya riƙe bindiga wuri guda. Tana lilo, tana karkata, nauyinta ya taru a kan tabo ɗaya na ƙashinka, kai kuma kana ta gyara ta da hannu. Mutumin da ke yawan taɓa kwankwasonsa a cikin kasuwa ya riga ya gaya wa duk mai ido abin da yake ɗauke da shi. Kube mai tauri kuwa, wanda aka yi daidai da jikin bindigar, yana raba nauyin a faɗin ƙugu, ya tsaya inda ka ajiye shi da safe har dare. Daɗin yana zuwa ne daga rashin motsi.

Ka duba nauyin abin da kake ɗauka. Bindiga ƙirar Makarov da harsasanta takan wuce giram 800 kaɗan. Glock 19 cike tana wajen giram 850. Beretta 92 kuwa in an cika ta ta haura kilo guda, kuma tsawonta ya kusa santimita 22. Ka ɗaura gwangwanin da ya kai kilo guda a ƙugunka da zariyar wando, ka yi yawo daga unguwar Zariya zuwa unguwar Bagalam a rana, za ka gane cewa laifin ba na gwangwanin ba ne, na igiyar ne.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane suka fi mantawa, wato ɗamara. Rabin masu kukan kube, in ka bincika, ɗamararsu ce ba ta da kirki. Ɗamarar kwalliya da ake sayarwa a bakin titi siririya ce, tana lanƙwasa. In ka rataya mata bindiga sai ta sunkuya ta gefen, ƙotar bindigar ta yi waje, wandon ya yi ƙasa. Sai ka ƙara matse ta don ta tsaya, daga nan ciwo ya fara. Akwai wata jijiya da ke bi ta gaban ƙashin kwankwaso ta sauka gefen cinya. In ɗamara ta daɗe tana danne ta, gefen cinyar yakan mutu, ko ya riƙa zafi kamar ana tsira allura. Likitoci sun san wannan ciwo a wurin masu ɗaura ɗamarar aiki mai nauyi. In ka fara jin haka, sassauta, ka canza wurin kuben, in bai daina ba ka je asibiti.

Ɗamarar da kake buƙata mai faɗin santimita 4 ce ko kusa da haka, ta fatar saniya falle biyu da aka haɗa aka ɗinke. Ga yadda za ka gwada ta: ka riƙe ta a tsaye, ka matsa gefenta na sama da na ƙasa da yatsu biyu. In ta naɗe kamar harshe, mayar wa mai ita. In ta ƙi, ita ce. Kuma faɗin maratayin kuben, inda ɗamara ke shiga, ya zo daidai da faɗin ɗamarar. In maratayin ya fi ta faɗi, kuben zai riƙa hawa da sauka duk taku.

Mu kuma a nan muna da wata matsala da masu ƙera kube a Turai da Amurka ba su yi tunaninta ba. Wandonmu na zariya ne. Zariya ba za ta taɓa riƙe bindiga ba, ko ka ɗaure ta har numfashi ya yi wuya. In aikinka zai sa ka sa kaftani ko babbar riga don ka saje da jama'a, ka kai wa telanka ya yi maka wando mai madaukan ɗamara, aƙalla guda bakwai, ɗinkakku sosai, kuma ya ƙara faɗin ƙugu da santimita 4 ko 5 in a cikin wando za ka sa kuben. Riga ta rufe, ba wanda zai san wandonka ba na zariya ba ne. Kuɗin wando biyu ba su kai kuɗin maganin ciwon baya ba.

Yanzu ga maganar jar akuya. Abokinka bai yi ƙarya ba a kan laushinta. Fatar jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato tana cikin fatun da duniya ta fi so. Tun zamanin fatake ake ƙetare sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta isa Turai, inda ake kiranta fatar Maroko ana yi wa littattafai bango da ita. Ni ba zan yarda a raina ta a gabana ba. Amma abin da ya sa ta yi suna shi ne abin da ya hana ta zama kube: siririya ce, kaurinta bai cika wuce milimita ɗaya ba, tana miƙewa, tana bin duk abin da aka sa mata. Ta dace da jaka, da takalmi, da gafaka, da laya. In ka yi kube da ita, wata biyu na zufar bazara sun isa bakinsa ya sake, ya zama kamar tsohuwar safa. Kuma bakin kube da ya sake yana iya naɗewa ya shiga zoben kunama lokacin da kake mayar da bindiga.

Wurin jar akuya a kube ɗaya ne, kuma wuri ne mai daraja: shafin baya, inda zai taɓa jikinka. Jikin kuben kansa a yi shi da fatar saniya mai kaurin milimita 3, daga gadon baya, ba daga ciki ba, don fatar ciki sakakkiya ce. Kuma ka tabbata jimar bagaruwa ce. Wannan ba son al'ada ba ne. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana karɓar siffa in an jiƙa ta, in ta bushe ta ƙame a haka. Fatar masana'anta da aka jeme da sinadarin kurom ba ta riƙe siffa, kuma gishirin da ke cikinta in ya haɗu da danshi yana cin ƙarfe. In ka yanka gefen fata ka ga cikinta ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ta kurom ce, ka bar ta. Ta bagaruwa cikinta ruwan ƙasa ne. Nan majemanmu suka fi na waje dacewa da buƙatarka, su kansu ba su sani ba.

In za ka kai aikin wurin baduku, ka nemi dattijo wanda ya saba da kuben wuƙa da na takobi da kayan doki, ba mai ɗinkin jakar mata kawai ba. Bindigar hukuma ba a barinta a rumfar kowa, ko na minti biyar. Ka cire gidan harsashi, ka ja baya ka duba cikin bututun da ido da yatsa, ka bar harsasan a ofis, sannan ka zauna a gabansa har ya gama awo. Za a naɗe ta da leda, a jiƙa fatar, a lulluɓa, a bi siffarta da ƙashi ko katako mai santsi, musamman kewayen zoben kunama, don nan ne riƙon yake. A cire bindigar, a bar fatar ta bushe a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Kada a shanya ta a rana ko a gefen wuta, za ta tsattsage. Ka ce masa ya ninka bakin da wani falle na fata don ya tsaya a buɗe ko babu komai a ciki. Ka ce ya ɗaga shafin baya sama, ya shiga tsakanin fatar jikinka da ƙarfen bindigar, amma kada ya hau kan ƙota har ya hana hannunka kamawa. Ƙasan kuben ya rufe bakin bindigar duka, a bar ɗan rami don ƙura da zare su riƙa zubewa. Zaren ɗinki na roba mai kaki, kada a yi da na auduga, zufa takan ruɓar da shi.

Akwai kuma na roba mai tauri da ake kira Kydex. An ƙirƙiro robar a Amurka a 1965 don aikin cikin jiragen sama, daga baya masu kube suka gane amfaninta. Gaskiya zan gaya maka, duk da ni ɗan dukawa ne: a zafin Maraɗi tana da abin da fata ba ta da shi. Ba ta shan zufa, ba ta sakewa, ka wanke ta da ruwa ka goge shi ke nan, kuma in bindiga ta zauna a ciki za ka ji ƙas. Tana da ƙusa da ake juyawa a ƙara ko a rage riƙo. Aibinta uku. Tana da tauri a jiki in ba ka sa shimi ba. Tana goge fentin bindiga a wuraren da suke haɗuwa. Sannan da zafi ake lanƙwasa ta tun farko, don haka in ka bar ta a gaban mota a rufe cikin ranar Afrilu tana iya karkacewa, riƙon ya lalace. Kuma dole a yi ta don irin bindigarka takamaimai. In mai sayarwa ya ce maka wannan yana shiga kowace bindiga, ka san ba ya riƙe ko ɗaya yadda ya kamata. Haka kuben abokin aiki da aka yi don wata bindiga daban, kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai masu haɗa biyun, fata a baya, roba a gaba. Suna da daɗi a makonnin farko. Ka dai riƙa duba fatar, don in ta sha zufa ta yi laushi, gefen sama yakan lanƙwaso wajen kunama. Na yadi irin wanda ka saya kuwa, ba ni da abin da zan ce a kansa sai dai ka cire shi daga aiki. Kuma ka guji irin kuben nan mai maɓalli da ake dannawa da yatsan manuni a daidai saitin kunama kafin bindiga ta fito. Makarantun horo da dama a waje sun hana shi, domin a cikin gaggawa yatsan yakan ci gaba da dannawa ya faɗa kan kunama. In kana son maɗauri, ka nemi wanda babban yatsa ke ɓallewa.

Sai wurin da za a ɗaura. Malaman harbi sukan kwatanta ƙugu da fuskar agogo: cibiya ƙarfe 12, kwankwason dama ƙarfe 3, tsakiyar baya ƙarfe 6. Ga na-dama, wurin da ya fi karɓar yawancin mutane shi ne tsakanin ƙarfe 3 da rabi zuwa 4, wato bayan ƙashin kwankwaso kaɗan, inda akwai ɗan kwari mai tsoka. Na tabbata naka a kan ƙashin yake zaune, shi ya sa yake ci. Ka matsar da shi baya da faɗin yatsu biyu ko uku, ka karkata ƙotar gaba kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 15. Wannan karkatar tana kwantar da ƙotar a jikin haƙarƙari. Ka riƙe wannan: abin da ke tona asiri a ƙarƙashin riga ƙota ce, ba bututu ba. Bututu yana bin tsawon ƙafa, ƙota ce ke tsinkaro yadi. Shi ya sa wasu kuben roba suke da ɗan fiffike a gefe wanda ke tokare ɗamara ya juya ƙotar ciki. Baduku ma zai iya yin irinsa da ɗan tudun fata.

Tsayin zama ma abin dubawa ne. In kuben ya nutse sosai cikin wando, ya ɓoye da kyau amma yatsunka ba za su sami shiga tsakanin ƙota da ɗamara ba. In ya hau sosai, nauyin yana sama, sai ya riƙa faɗowa waje. Daidai shi ne yatsunka uku su kewaye ƙotar gaba ɗaya ba tare da sun gogi ɗamara ba. Wani abin mamaki kuma, kube mai ɗan tsawo ƙasa da ɗamara ya fi gajere zama lafiya, domin tsawon yana tokare cinya ya hana saman rinjaya.

Ɗaurin gaba, tsakanin cibiya da kwankwaso, samari suna sonsa yanzu. Yana da saurin kaiwa, hannunka yana kare shi a cunkoso, kuma a zaune cikin mota ya fi sauƙi. Amma ka san inda bakin bindigar yake kallo: cinyarka, inda babbar jijiyar jini take. Wanda harsashi ya tsinka wa wannan jijiya mintuna kaɗan gare shi. Ba na ba wanda bai ƙware ba shawarar ya fara da nan, kuma ba a yinsa sai da kube mai tauri sosai. Ga mai tumbi kuma, ko mai yawan zama a tabarma, azaba ce.

Tsakiyar baya kuwa, a kan ƙashin gadon baya, kada ka kuskura. Kai mai hawan babur ne. Ka san yashin unguwanninmu, ka san yadda ɗan kabu-kabu ke fitowa daga lungu ba sallama. In ka faɗi rigingine da ƙarfe a kan ƙashin bayanka, abin da zai biyo baya ya fi gurjewa. Sannan ba ka ganin wurin, riga na iya ɗagewa ba ka sani ba, wani na iya kai hannu kafin kai. Ɗaurin idon sawu shi ma bai dace da mu ba: ƙura, takalmi buɗaɗɗe, ga alwala sau biyar a rana a gaban mutane. Jakar hannu ko akwatin babur kuwa, duk abin da ba ya jikinka ana iya fizge shi ko a manta shi, kuma ka san abin da ke jiran ma'aikacin da bindigar hukuma ta ɓace a hannunsa.

Kuben hammata, mai igiya a kafaɗu, yana da wurinsa. In za ka yi doguwar tafiya a mota, ka ce Maraɗi zuwa Yamai, fiye da kilomita 600 a zaune, ya fi na ƙugu sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma babbar riga kamar don shi aka yi ta, tunda gefenta a buɗe yake, hannu na shiga kai tsaye. Amma a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, igiyoyin suna kawo ƙurajen zufa, hammata kuma ita ce matattarar gumi. In na kwance ne, bakin bindigar yana kallon duk wanda ke bayanka. Na tsaye, mai kallon ƙasa, ya fi kwanciyar rai.

Kaftani kuma sai an yi masa dabara. Yana ɓoyewa fiye da kowace riga, amma in ya kai gwiwa, kafin ka tattare shi lokaci ya tafi. Tela zai iya buɗe cikin aljihun gefe na dama ya zama ƙofa, hannunka ya wuce kai tsaye zuwa ƙugu, ko ya tsawaita tsagar gefe. Kowanne ka zaɓa, sai ka maimaita shi sau da yawa da bindiga marar harsashi kafin ka fita da shi. Yadi mai ɗan nauyi ko mai zane ya fi fari siriri ɓoyewa, shadda mai sitaci ma tana taimako don ba ta manne wa jiki. Kullum ka sa shimin auduga a ciki, ka cusa shi cikin wando sosai. Shi ne ke tsakanin fatarka da kube, kuma shi ne ke shanye gishirin da zai ci bindigarka. In shimin ya saki yana yawo, shi ma yana iya bin bindiga cikin kube.

Akwai gwajin da ba za ka same shi a takardar kowane kamfani ba. Ka ɗaura kuben da bindiga marar harsashi, a ɗakinka, ka yi duk motsin salla: ruku'u, sujada, zaman tahiya. A ruku'u ne ƙotar da ke ƙarfe 4 take ɗaga riga, wanda ke sahun baya ya gani. A sujada ne kube marar riƙo yake sakin bindiga ta zame wajen haƙarƙari. A zaman tahiya ne bakin kuben ke tokare cinya ko ƙasa. In ya wuce waɗannan, ka tsuguna kamar mai alwala, ka zauna a tabarma ka harɗe, ka hau babur ka sauka, ka ɗan yi gudu a tsakar gida. Sannan ka cire kuben da bindigar a ciki, ka kifa shi a kan katifa ka girgiza a hankali. In ta faɗo, riƙon bai isa ba. Ka gwada taɓa kunama ta waje da yatsa, ta kowane gefe. In ka iya motsa ta ko kaɗan, an gama magana. Daga ƙarshe ka yini da shi a gida ranar hutu. Kuben da zai dame ka, a cikin awa uku zai nuna hali. Sabuwar fata takan ɗan matse a makon farko, wannan ba aibi ba ne, ka naɗe bindigar a leda ka bar ta ciki dare ɗaya, za ta saki daidai.

Kewayawa ban ɗaki ma sai an yi tunaninsa, don nan ake yawan yin ganganci. Kada ka zare bindiga daga kube ka ɗora a kan katanga ko ƙasa. In dole ne, ka cire su tare, kuben da bindigar a cikinsa, ka riƙe a jikinka. Shi ya sa nake son maratayi mai ƙarfi amma wanda ake iya cirewa ba sai an kwance ɗamara duka ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mayar da bindiga cikin kube. Na taɓa aiki da wani yaro mai hankali, mai ladabi, wanda ya fi ni iya harbi. Kubensa na fata ya tsufa, bakin ya yi laushi, ya ce sai an yi albashi zai canza. Wata rana bayan an tashi daga aiki yana mayar da bindigar, bai duba ba, gefen fatar ya naɗe ya shiga zoben kunama, shi kuma ya tura da ƙarfi. Harsashin ya bi ta tsokar cinyarsa ya fita. Allah ya sa bai taɓa babbar jijiya ba, amma har yau yana ɗingishi. Ni na ga kuben nan makonni kafin abin ya faru, na yi masa magana sau ɗaya na yi shiru. Har yanzu ina jin da na matsa masa. Shi ya sa nake matsa maka. Fitar da bindiga wani lokaci yana buƙatar sauri, mayar da ita ba ya taɓa buƙata. Ka kawar da riga da ɗaya hannun, ka kalli bakin kuben da idonka, yatsanka a miƙe a gefen bindiga nesa da kunama, ka sa a hankali. In ka ji wani abu ya tokare, tsaya, fito da ita ka duba. Kada ka taɓa karkata bakinta wajen jikinka don neman hanya.

Kulawa ba ta da wuya amma ta kullum ce. Da dare ka cire bindigar daga kuben fata, ka goge ta da tsumma mai ɗan mai, ka bar kuben ya sha iska. Fata tana riƙe danshi, a damina kuwa kwana kaɗan sun isa tsatsa ta fito. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, tana shiga cikin kuben ta zama kamar yashin goge ƙarfe, sai ka riƙa share cikin da busasshen tsumma ko tsohon buroshi. Kada ka shafa wa kuben man shanu, ko man gyaɗa, ko man kaɗe. Na san haka muke yi wa takalmi da linzami don su yi laushi, amma a nan laushin ne ba mu so. Ɗan kakin zuma a waje ya isa. Duk wata ka duba ɗinki da ƙusoshi. Ranar da ka ga bakin ya fara faɗawa ciki in babu bindiga, ranar kuben ya gama aiki.

Kafin ka kashe ko dala, ka tambayi shugabanka ko akwai irin kuben da sashenku ya amince da shi, don kada ka yi abin da za a ce ka cire. Kai aikinka ne ya ba ka izini. Ga sauran masu karanta wannan amsa, 'yan kasuwa da masu bin hanyar Ɗan Isa ko Gidan Rumji, na san halin da ake ciki da abin da ke sa mutum ya yi tunanin makami, amma a Nijar farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, kuma wanda aka kama da ita ba takarda gidan kaso zai je. Tun 1994 ƙasar nan take da hukuma ta musamman mai tattara makaman da ba sa bisa ƙa'ida. Abin da na faɗa duka na wanda doka ta ɗora wa wannan nauyi ne.

Kai kuma in ka koma gida, kube ba ma'aji ba ne. Kada ka rataye wandon da bindiga a ƙusa, kada ka tura ta ƙarƙashin matashi. Yara sun fi mu sanin kowane lungu na ɗaki. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsashi a wani wurin daban, makulli a jikinka. Gobe da safe ka fara da tela da mai ɗamara, sannan ka je wurin baduku da fatar saniyarka ta bagaruwa da ɗan guntun jar akuya na shafin baya. In an gama ka kawo mini in duba bakinsa kafin ka fita da shi.